Tarihin Hedy Lamarr, ƴar wasan sinima mai dabarar tsallen zango

Da wuya a samu mai riƙe da salula a cikin masu karatunmu wanda bai taɓa tura waƙa ko hoto zuwa salular abokinsa ta hanyar Bluetooth ba. Ana kunnawa salula ta nemo ƴar uwarta, kaya su wuce babu igiyar waya, kuma ba a cire wa mutum ko sisi daga kuɗin kiransa. Abin da akasarinmu ba mu sani ba shi ne, a daidai lokacin da waƙar ke wucewa salulolin biyu ba sa zama a kan zango guda na rediyo. Suna sauya zango tare, har sau 1,600 a cikin sakan ɗaya, bisa wani jeri da suka daidaita a tsakaninsu. Irin wannan dabara ce kuma ake aiki da ita a manyan masana'antu da matatun mai, inda ƙananan na'urori masu auna zafi da ƙarfin gas a cikin bututu ke aika rahoto ta iska shekara da shekaru da batir guda. A wannan rubutu za mu kira dabarar da suna tsallen zango.

Sunan da aka fi dangantawa da ita a yau na wata mata ce da ba ta taɓa shiga jami'a ba, wadda a zamaninta duniya ta san ta a matsayin ɗaya daga cikin kyawawan matan sinimar Amurka. Sunanta Hedy Lamarr, ta rasu a shekarar 2000. Tun bayan rasuwarta ake ta yaɗa cewa ita ce ta ƙirƙiro Wi-Fi da Bluetooth, har ma da GPS. Akwai ƙarin gishiri a wannan magana, za mu zo kansa. Amma kafin a fara ƙara mata gishiri, sai da aka yi kusan shekara hamsin ba a ko ambaton abin da ta yi da gaske.

Yarinta a Biyana

An haife ta ranar 9 ga watan Nuwamba na shekarar 1914 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, watanni kaɗan da ɓarkewar yaƙin duniya na farko, aka raɗa mata suna Hedwig Eva Maria Kiesler. Ita kaɗai ce wurin iyayenta. Mahaifinta Emil Kiesler babban jami'i ne a wani banki, Bayahude ɗan asalin garin Lemberg wanda yanzu ake kira Lviv a ƙasar Yukiren. Mahaifiyarta Gertrud gwanar kaɗa piyano ce daga birnin Budapest.

Masu rubuta tarihinta sun dace a kan cewa uban ne ya sa mata son sanin cikin na'ura. Yakan fita yawo da ita cikin gari, duk inda suka ci karo da jirgin lantarki na kan titi ko injin ɗab'i sai ya tsaya ya warware mata yadda abin yake aiki. Ana ba da labarin cewa tun tana ƴar shekara biyar ta kwance wani akwatin kiɗa gunduwa-gunduwa ta sake haɗa shi. Wurin uwar kuma ta koyi piyano, mai karatu ya riƙe wannan don zai dawo mana a gaba.

Sai dai abin da mutane suka fara gani a tare da ita shi ne kyau. Tana da shekara 16 ta bar makaranta ta shiga harkar sinima, ta yi ƙananan fitowa a Biyana da Balin. A shekarar 1933 wani fim mai suna Ekstase ya fito, na darektan ƙasar Cekoslobakiya Gustav Machatý, inda aka nuna ta tsirara a wasu wurare. Fim ɗin ya tayar da ƙura a Turai, Paparoma ya yi tir da shi, Jamus ta hana nuna shi, Amurka ma ta tare shi a bakin iyaka na wani lokaci. Shekarunta 18 a sa'ilin, kuma wannan tabo ya bi ta har tsufa.

Gidan mai ƙera harsashi

A watan Agusta na shekarar 1933 ta auri Friedrich Mandl, wanda ya girme ta da kusan shekara 15. Mandl shi ne shugaban masana'antar harsasai ta Hirtenberg, yana cikin manyan attajiran Ostiriya, kuma yana da kusanci da gwamnatin Musolini ta Italiya. Mutum ne mai tsananin kishi. Ya hana ta fita wasa, ya kuma zuba kuɗi mai yawa wajen saye duk kwafin fim ɗin nan da ya samu domin ya ɓatar da shi, abin da bai yiwu ba.

Aikinta a gidan shi ne ta ci ado ta zauna a teburin cin abinci idan ya tara baƙi. Baƙin kuwa hafsoshin soja ne da injiniyoyi da dillalan makamai, suna hirar sana'arsu a gabanta hankali kwance, a ganinsu ƙawa ce kawai aka ajiye. Marubucin tarihi Richard Rhodes, wanda ya wallafa littafi a kanta a shekarar 2011, yana ganin a wannan teburi ta fara jin matsalolin sarrafa makami daga nesa. In haka ne, to ta yi shekara huɗu tana ɗaukar darasin da babu wanda ya yi nufin ba ta.

Mahaifinta ya rasu a 1935. A 1937 ta gudu daga gidan, ta bi ta Faris ta isa Landan. Ruwayoyi sun sha bamban kan yadda ta fita, wadda aka fi yayatawa ita ce ta sa tufafin ƴar aikinta ta sulale da gwala-gwalanta. Ta fita a kan gaɓa, domin a watan Maris na 1938 Hitila ya haɗe Ostiriya da Jamus, Yahudawan Biyana suka shiga uku. Shi kansa Mandl, da yake ubansa Bayahude ne, sai da ya bar masana'antarsa ya koma Ajantina da zama.

A Landan ta haɗu da Louis B. Mayer, shugaban kamfanin fina-finai na MGM, wanda ya zo Turai neman ƴan wasa. Ya yi mata tayin dalar Amurka 125 a mako, ta ƙi. Sai ta shiga jirgin ruwan Normandie da ta san zai bi ya koma gida, kafin jirgin ya isa Niyok tayin ya tashi zuwa dala 500 a mako. A lokacin ne aka sauya mata suna zuwa Hedy Lamarr, aka aro sunan wata ƴar wasa, Barbara La Marr, da ta rasu a 1926.

Fim ɗinta na farko a Amurka, Algiers, ya fito a 1938, ya kuma mai da ta tauraruwa dare ɗaya. Kamfanin yana tallata ta da cewa babu macen da ta kai ta kyau a duniya, kuma irin rawar da yake ba ta ke nan: baƙuwar mace mai ɗaukar hankalin maza, magana kaɗan, kallo da yawa. Ita kuwa shagulgulan dare na Holiwud ba su dame ta ba. A gidanta ta ware wuri da teburin zane da littattafan injiniya, can take zama idan ta dawo daga aiki. Ta gwada abubuwa iri-iri. Akwai wata ƙwaya da za a jefa cikin ruwa ya zama lemo mai gas, wadda ita kanta ta yarda ba ta yi daɗi ba. Akwai gyaran fitilar ba da hannu ta kan titi. Attajirin nan mai ƙera jiragen sama, Howard Hughes, ya ba ta damar aiki da ma'aikatansa, ita kuma ta zana masa fiffiken jirgi bayan ta yi nazarin siffar kifaye da tsuntsaye masu sauri.

Torpido da piyano

A shekarar 1940 yaƙin duniya na biyu ya yi zafi a tekun Atlantika, jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa suna nutsar da jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Ingila da nahiyar Amurka. A watan Satumba suka harbi jirgin City of Benares, wanda ke ɗauke da yara 90 da gwamnatin Ingila ke kwashewa zuwa Kanada don tserar da su daga ruwan bama-bamai. Yara 77 daga cikinsu suka halaka. Labarin ya girgiza Hedy, wadda mahaifiyarta ke gudun hijira a Landan tana jiran hanyar tsallake wannan teku.

Makonni kaɗan kafin nan ta haɗu a wata liyafa da George Antheil, Ba'amurke mai tsara kiɗa, haifaffen shekarar 1900. Shi ma yaƙin ya taɓa shi, domin a watan Yuni na wannan shekarar ƙanensa, ma'aikacin jakadancin Amurka, ya mutu a wani jirgin fasinja na ƙasar Finland da jiragen yaƙin Tarayyar Sobiyet suka harbo. Hirarsu ta gangaro kan makamai, ta tsaya a kan torpido.

Torpido makami ne mai siffar dogon kifi na ƙarfe, cike da nakiya, da ake harbawa cikin ruwa ya tafi da injinsa har ya daki jirgin abokan gaba. Matsalarsa a lokacin ita ce da zarar an sake shi ya fita hannu. Idan jirgin da aka nufa ya karkata, ko igiyar ruwa ta ja makamin gefe, an yi asara. Magani a bayyane yake, a riƙa juya shi daga nesa da rediyo. Amma duk wanda ya saba kama tashoshin gajeren zango ya san yadda wata tasha ko wani ƙugi kan hau kan wadda yake saurare ya danne ta. Abokin gaba na iya yin haka da gangan: ya laluba ya gano zangon da ake aika umarni a kansa, ya cika shi da hayaniya, makami ya kurmance.

Tunanin Hedy shi ne kada a zauna a zango guda. A faɗi guntun umarni a nan, a yi tsalle zuwa wani zango a faɗi guntu, a sake tsalle. Kafin mai toshewa ya gano inda ake an riga an tashi, idan kuma ya ce zai toshe dukkan zangunan a lokaci ɗaya ƙarfin na'urarsa zai rarrabu ya yi rauni. Faɗin wannan ba wuya. Wuyar tana ga yadda mai aikawa a kan jirgi da mai karɓa a cikin torpido za su riƙa tsalle tare, zuwa wuri ɗaya, a daidai lokaci ɗaya, ba tare da ɗaya ya gaya wa ɗaya ta iska inda za shi ba.

Nan ne Antheil ya yi rana. A shekarun 1920 a Faris ya tsara wani kiɗa mai suna Ballet Mécanique, wanda ya so a kaɗa da piyano 16 masu kaɗa kansu, duk a tare. Irin wannan piyano ba ya buƙatar yatsun mutum. Ana saka masa naɗin takarda mai huji-huji, takardar na warwarewa, kowane huji ya zo sai maɓallin da ya dace da shi ya buga. Antheil bai ci nasarar haɗa kan piyano 16 ba a wancan lokaci, amma ya sha wahalar abin har ya san shi ciki da bai. Shawarar da suka tsayar ita ce a yi naɗin takarda biyu masu huji iri ɗaya, ɗaya a na'urar aikawa, ɗaya a cikin torpido, kowanne da injin agogo mai juya shi. Wani ɗan fil ne ke riƙe da kowane inji. A daidai lokacin da aka harba makamin sai wayar lantarkin da ta haɗa shi da jirgi ta rabu, fil ɗin biyu su saki, takardun su fara tafiya tare. Kowane layin huji yana nufin zango guda, kuma da yake piyano na da maɓalli 88, sun rubuta cewa ana iya kaiwa zango 88. A zanen da suka miƙa har sun tanadi zanguna uku na bogi, waɗanda jirgi zai riƙa aika saƙon banza a kansu don ruɗa mai saurare.

A watan Disamba na 1940 suka gabatar da tunanin ga majalisar masu ƙirƙira ta ƙasa. Ranar 10 ga Yuni 1941 suka nemi takardar mallakar ƙirƙira, aka ba su ranar 11 ga Agusta 1942, mai lamba 2,292,387. Sunan da ke kan takardar shi ne Hedy Kiesler Markey, da sunan mijinta na biyu, abin da ya sa masu bincike da yawa daga baya suka wuce ta kanta ba su gane tauraruwar sinima ce ba.

Amsar sojan ruwa

Rundunar sojan ruwan Amurka ta duba, ta ce ba ta so. A fahimtar Antheil, hafsoshin sun ga kalmar piyano ne suka ɗauka piyano sukutum ake so su cusa cikin torpido, alhali a ganinsa ana iya ƙanƙanta injin ya koma kamar agogo. Adalci ya sa mu faɗi cewa ƙin karɓar ba duka raini ba ne. A 1942 rundunar tana fama da torpidon da ke hannunta, wanda sau da yawa kan wuce ta ƙarƙashin jirgi ko ya daki jirgi ya ƙi fashewa. Saƙon rediyo kuma ba ya ratsa ruwan gishiri da kyau, sannan takarda da injin agogo a cikin makami mai jijjiga abin shakka ne.

Abin da ya fi mana ciwo a labarin shi ne amsar da aka ba ita Hedy. Ta nuna tana so ta ajiye sinima ta yi aiki da majalisar masu ƙirƙira, aka ce mata ta fi amfani idan ta fita da fuskarta ta tallata takardun lamunin da gwamnati ke sayarwa don tara kuɗin yaƙi. Ta kuwa yi. Ta zagaya birane a 1942, an ruwaito cewa ta tara kimanin dala miliyan 25. A lokacin ko takardar zama ƴar ƙasa ba ta da ita, sai a 1953 ta samu.

Daga nan rayuwarta ta ci gaba a sinima. Fim ɗinta mafi kasuwa, Samson and Delilah, ya fito a 1949. Ta gwada shirya fina-finai da kuɗinta, abin da mata kaɗan suka yi a zamanin, ta tafka asara. Fim ɗinta na ƙarshe ya fito a 1958. Takardar mallaka a lokacin shekara 17 take yi, saboda haka tasu ta ƙare a 1959, shekarar da Antheil ya rasu, ba tare da ɗayansu ya samu ko sisi a kanta ba.

Wa ya riga wa?

Yanzu mu koma kan gishirin da muka ambata. Hedy da Antheil ba su ne na farko da tunanin sauya zango ya zo wa ba. Nikola Tesla ya sami takardun mallaka a 1903 kan amfani da zango fiye da ɗaya don kare saƙo daga katsalandan. Masanin Jamus Jonathan Zenneck ya ambaci sauya zango a littafinsa na 1908. Wani ɗan ƙasar Holan, Willem Broertjes, ya sami takarda a Amurka a 1932 kan abu makamancin haka. A shekarun 1950, da taransista ta samu, injiniyoyin kamfanin Sylvania suka gina wa sojan ruwa na'urar tsallen zango ta lantarki tsantsa, kuma masu tarihin fasahar na ganin akasarin irin wannan aiki ya bi hanyarsa ne daban. Akwai dai injiniya guda da ya bayyana daga baya cewa a tsakiyar shekarun 1950 an ba shi takardar tasu ya yi aiki da ita wajen ƙera wata na'urar sauraren jiragen ƙarƙashin ruwa.

Wi-Fi kuma, ƙa'idarsa ta farko ta 1997 ta ba da zaɓin tsallen zango, amma ba da jimawa ba aka bar shi aka koma wasu hanyoyi masu ɗaukar saƙo da yawa. Wi-Fi ɗin da ke aiki a yau ba ya tsalle. GPS ma wata dabara yake bi. A ganinmu matsayinta shi ne na ɗaya daga cikin waɗanda suka hango abin da wuri, kuma ita da abokin aikinta, mutum biyu da ba ƴan sana'ar ba, sun kawo cikakken tsari har da yadda za a daidaita lokaci tsakanin ɓangarorin biyu. Wannan tsari nasu kuwa, in aka duba da kyau, ya fi kama da abin da ƙananan na'urori marasa cin wuta ke yi a yau.

Daga teku zuwa ɗaki da masana'anta

Shekara da shekaru wannan fasaha ta zauna a hannun soja. A shekarar 1985 hukumar kula da sadarwa ta Amurka, FCC, ta yanke wata shawara da ta sauya komai: ta buɗe wasu yankunan zango guda uku, ciki har da na gigahaz 2.4, ga duk mai so ba tare da lasisi ba, da sharaɗin na'urarsa ta kasance mai ƙaramin ƙarfi kuma ta baza saƙonta maimakon ta tare wuri guda. Hikimar ita ce idan kowa na tsalle, ko biyu sun yi karo na ɗan ƙiftawar ido ne, kowa ya wuce.

A 1994 wani injiniya ɗan Holan, Jaap Haartsen, ya fara aiki a kamfanin Ericsson a garin Lund na ƙasar Suwidin kan yadda salula za ta yi magana da abin sawa a kunne ba da waya ba. Daga nan Bluetooth ya fito, aka ba shi laƙabin wani sarkin Danmak na ƙarni na 10. Ya raba yankin gigahaz 2.4 zuwa zango 79 yana tsalle a tsakaninsu. A 2003 aka ƙara masa wayo, ya riƙa gane zangunan da suka cika da hayaniya yana tsallake su. A 2010 kuma aka fito da samfurinsa mara cin wuta, mai zango 40, wanda ke iya aiki watanni ko shekaru da batir mai faɗin kwabo. Shi ne a cikin agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya da makullin ƙofa da ake buɗewa da salula.

Abokin gaba a nan ya tashi daga jirgin yaƙi, ya koma Wi-Fi ɗin maƙwabci da murhun lantarki na ɗumama abinci, domin duk a wannan yanki suke aiki. Ga ƙaramar na'ura kuwa hayaniya asarar batir ce. Rediyo shi ne ya fi komai cin wuta a jikinta, shi ya sa take kwana da wuni a cikin barci, ta farka na ɗan lokaci ta aika saƙo ta koma. Duk saƙon da ya ɓace sai an sake aika shi, kowane maimaici kuma daga kwanakin batir ake cire shi.

A masana'anta matsalar ta fi tsanani. Wuri ne cike da tankuna da bututun ƙarfe, saƙon rediyo na bugun ƙarfe yana dawowa ta hanyoyi da yawa, wani lokaci dawowar ta kashe asalin saƙon a kan wani zango alhali zango na kusa da shi lafiya lau. Mota ta gitta ko a buɗe wata ƙofa, lissafin ya sake sauyawa. Jan waya zuwa kowace na'urar awo kuma yakan fi na'urar kanta tsada. Don haka ƙa'idar WirelessHART da ta fito a 2007, da ISA100.11a ta 2009, suka ɗauki tsallen zango suka haɗa shi da jadawalin lokaci. A tsarin WirelessHART ana yanka kowane sakan gida 100. Kowace na'ura ta san gidan da za ta farka a cikinsa, da wadda za ta yi wa magana, da zangon da za su haɗu a kai cikin zango 15, kuma lambar gidan ce ke nuna zangon. Idan saƙo bai isa ba, a karo na gaba a wani zango za a gwada. Na'urorin kuma suna miƙa wa juna saƙo hannu da hannu har ya isa ɗakin kula, kowace na gyara agogonta da na maƙwabciyarta. Masu ƙera su kan yi alkawarin batir zai kai har shekara goma. A 2012 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta shigar da wannan tsari cikin ƙa'idarta ta ƙananan na'urori. Wanda ya karanta bayanin naɗin takarda biyu da ke tafiya tare zai ga kamar: jadawalin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura ya maye gurbin takarda mai huji, kuma har yanzu daidaita agogo shi ne ƙashin bayan aikin.

Ba duka ne ke tsalle ba. Zigbee da Thread, waɗanda suka yi yawa a ƙwayayen fitila da na'urorin gida da ake sarrafawa da salula, sukan zaɓi zango ɗaya cikin 16 su zauna a kai, suna kare saƙonsu ta wata hanya. Amma ko a tsarin Matter da manyan kamfanoni suka fitar a 2022 don na'urorin gida su fahimci juna, sabuwar fitila kan fara gaisawa da salular mai gida ne ta Bluetooth mara cin wuta kafin a shigar da ita cikin sauran.

Ƙarshen rayuwa

Yayin da duk wannan ke tasowa, ita Hedy tana can tana janyewa daga idon jama'a. Ta yi aure shida duk suka mutu, na ƙarshe a 1965, tana da ƴaƴa uku. A 1966 aka kama ta a wani kanti a Los Anjalis bisa zargin ɗaukar kaya ba biya. Ba a same ta da laifi ba, amma ta rasa fim ɗin da take shirin yi. A wannan shekarar aka buga littafin tarihin rayuwarta, wanda ta kai ƙara a kansa tana cewa wanda aka ɗauka ya rubuta ya cika shi da ƙage. Ta yi ta zuwa wurin likitocin gyaran fuska har abin ya ɓata mata kamanni. Daga bisani ta koma jihar Fulorida, ta daina yarda a gan ta, hatta ƴaƴanta akasari ta tarho take magana da su, takan yi awoyi a kan layi.

A 1990 wani ɗan jarida na mujallar Forbes, Fleming Meeks, ya yi hira da ita ta tarho ya rubuta labarin ƙirƙirar. Kaset ɗin wannan hira su ne aka gina fim ɗin tarihinta na 2017 a kansu. A 1997 ƙungiyar Electronic Frontier Foundation ta ba ta lambar yabo tare da marigayi Antheil, bayan fafutukar wani kanar mai ritaya, David Hughes, wanda ke amfani da irin wannan rediyo wajen haɗa makarantun karkara da intanet. Shekarunta 82 a lokacin. Ba ta je ba, ɗanta ya karɓa a madadinta, aka kunna muryarta da aka naɗa. A 1998 ƙasarta ta haihuwa ta ba ta lambar Viktor Kaplan ta masu ƙirƙira.

Ta rasu ranar 19 ga Janairu na shekarar 2000 a garin Casselberry kusa da Orlando, tana da shekara 85, watanni kaɗan bayan fitowar ƙa'idar Bluetooth ta farko a 1999. A 2014 aka shigar da sunanta da na Antheil cikin zauren girmama masu ƙirƙira na Amurka, shekara guda kafin a shigar da Haartsen. Ƙasashen Jamus da Ostiriya da Suwizalan suna bikin ranar masu ƙirƙira a ranar haihuwarta, 9 ga Nuwamba. An ƙona gawarta, aka watsa wani ɓangare na tokar a dajin da ke gefen Biyana kamar yadda ta yi wasiyya, sauran kuma aka binne a 2014 a babbar maƙabartar birnin, a sashen da hukuma ke keɓe wa fitattun mutane.